Allo Ya Ce Ta Cika, Jaka Kuwa Rabi Da Rabi Ma Ba Ta Kai Ba

Duk mai jirgin ruwa fatansa ruwa ya tsaya a waje. Amma a tafkunan Amurka akwai wani nau'in jirgi da aka ƙera musamman don ya zuƙi ruwa cikin cikinsa, da gangan, har ya yi nauyi ya ƙara lumewa. Shi ne jirgin da ake wasan hawan igiyar ruwa a bayansa. Mai wasan zai tsaya a kan ɗan katakon sulu, a ja shi har ya miƙe, sa'annan ya saki abin da yake riƙe da shi, ya bar tudun ruwan da jirgin ke tayarwa ya yi ta tura shi gaba. Gudun ba shi da yawa, mil 10 zuwa 12 ne a awa, wato kilomita 16 zuwa 19. Tun da ba gudu ke tayar da tudun ba, sai nauyi. Iya yadda gindin jirgi ya nutse, iya ruwan da zai ture, iya tsayin igiyar ruwan da za ta tashi a bayansa. Farfelar irin wannan jirgi kuma a ƙarƙashin cikinsa take, ba a wutsiya ba, shi ya sa mutum ke iya wasa dab da shi ba tare da fargabar ta sare shi ba.

Nauyin nan ruwan tafkin ne da kansa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, galan ɗaya na Amurka kuwa ya kusa lita 3.8. Ana ɗura ruwan a tankunan roba masu tauri da ke ƙarƙashin daɓen jirgi, da kuma manyan jakunkuna masu kaurin tamfol da ake shimfiɗawa a ma'ajiyar hagu da ta dama, inji na tsakiyarsu. Manyan jiragen yanzu suna ɗaukar fiye da tan ɗaya na wannan ruwa, wanda masu sana'ar ke kira balas.

Ni kanike ne a wani ɗan shagon gyaran jirage kusa da tafkin Minetonka, yamma da birnin Miniyafolis a jihar Minesota. A nan ƙanƙara takan rufe tafki tun daga wajen Disamba, ba ta sakinsa sai wajen tsakiyar Afrilu. Jirgi yakan kwashe fiye da rabin shekara a rumfa ba a taɓa shi ba, kuma duk ɓarnar da sanyi da zama suka yi masa ba ta bayyana sai an mayar da shi ruwa. Shi ya sa Mayu da Yuni ba mu da hutu.

A irin wannan lokaci wani mutum ya jawo mana jirginsa a tirela, mai tsawon ƙafa 23, na hannu ya saya. Ƙorafinsa uku. Igiyar ruwan ɓangaren hagu ta zama kumfa zalla, ba ta iya tura ko yaro. Famfon da ke kwashe ruwan da ya taru a ƙasan jirgi yana ta tashi da kansa, wata rana sau da yawa, wata rana shiru. Tankin gaba kuma sai ya ga dama yake cika. Mutumin ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: ƙwaƙwalwar jirgin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ita ce ta lalace, mu yi masa odar sabuwa. Hujjarsa ita ce allon da ke gaban direba yana nuna masa komai ya cika ɗari bisa ɗari, jirgin kuwa bai nuna alamar ya ɗauki nauyi ba. Maigidana ya roƙe shi ya dakata da maganar oda, don wannan ƙwaƙwalwa tana cikin kaya mafi tsada a jirgin, ya miƙa mini makullin.

Ɗan yayata yana hutun makaranta a lokacin, yana biyo ni shago, sai ya zama shi ne mai danna makunni ni kuma ina ƙasa ina saurare. Wannan aiki mutum ɗaya ba ya jin daɗinsa, domin makunnin na gaba, famfunan na baya.

Kafin na taɓa komai na ɗaga murfin inji na shinshina. Waɗannan jirage da fetur suke aiki, tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan jirgi inda famfuna da wayoyi suke. Ƙa'ida ce a kunna fankar da ke zuƙe iskar wurin na tsawon minti huɗu kafin a tayar da inji, ni kuwa ko waya zan kwance a can sai na yi haka. Daga nan na ɗauki kwali da alƙalami na bi kowane tiyo da hannu, ina zana inda ya fito da inda ya nufa. Littafin kamfani ba zai taimake ka sosai ba a jirgin da ya bi hannun mutane, don kowa da abin da ya ƙara. Zanen ya nuna mini cewa tsari biyu ne a haɗe. Tankin gaba yana nan yadda aka ƙera shi, da ƙananan famfuna biyu masu juya ruwa, ɗaya na cikawa ɗaya na zubarwa. A baya kuwa wani daga cikin masu shi na da ya sa manyan jakunkuna, kowace mai cin kilo 400, ya ba kowace famfo guda mai farfelar roba. Shi wannan famfo gaba da baya yake yi: idan aka juya masa wuta ta wannan fuska ya cika, aka juya ta waccan ya zubar, ta tiyo ɗaya.

Sanin wannan bambanci shi ne rabin aikin, don cututtukansu ba ɗaya ba ne. Mai farfelar roba yana iya jan ruwa da kansa ko da yana sama da ruwa, idan kuma aka kashe shi robar kan toshe hanya ta hana ruwa wucewa. Rauninsa shi ne ruwan da yake ja shi ne ke sanyaya robar, idan ya juya a bushe na ɗan lokaci sai ta yi zafi ta ƙone. Ƙaramin mai juyawa bai cika damuwa da bushewa ta ɗan lokaci ba, amma ba ya iya jan iska ko kaɗan, dole ruwa ya iso bakinsa da kansa.

Saboda haka ba a gwada balas a kan tudu. Muka kai jirgin mashigar tafki, muka ja tirela da baya har cikinsa ya zauna a ruwa, ramukan shan ruwan suka nutse. Na ce wa yaron ya danna na hagu. Famfo ya tashi, amma muryarsa ba ta yi mini ba, tana ja tana saki. Muka jira. Can sai ya ɗago kai da murna.

"Kawu, ta cika. Ga shi ya nuna ɗari."

"Zo nan, ɗana, ka ɗaga wannan murfin ka gani da idonka."

Ya ɗaga. Jakar ta kumbura, ga alama ta cika. Na ce ya danna ta da tafin hannu. Da ya danna sai hannunsa ya lume, ruwan na can ƙasa yana kaɗawa, bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran duk iska ce. Ya dube ni ya dubi allon.

Abin da masu jirage da yawa ba su sani ba ke nan, kuma shi ke sa su kashe kuɗi a banza. A yawancin waɗannan tsare-tsare, musamman inda jaka ce ba tanki ba, babu abin da ke auna ruwan. Allon agogo ne kawai. An gaya masa cewa jaka tana cika a minti kaza, sai ya kunna famfo ya fara ƙirge, idan lokacin ya cika ya kashe ya rubuta ɗari. Ko ɗigo ɗaya bai shiga ba haka zai rubuta. Bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Shaidar gaskiya ta cewa jaka ta cika guda ɗaya ce: daga saman kowace jaka akwai siririn tiyo da ke fita ta gefen jirgi, sama da ruwa, iska ke bi ta nan tana fita yayin da ruwa ke shiga, idan kuma jaka ta cika sai ka ga ruwa yana tsartuwa ta wurin. A dama mun ga tsartuwar. A hagu ko tsiyaya babu.

Na fara daga tafki na nufi jaka, taki ɗaya bayan ɗaya, mai arha kafin mai tsada. Ramin da ruwa ke shiga ta cikin jirgi yana da bawul mai hannu. Idan hannun ya kwanta daidai da tiyo a buɗe yake, idan ya gicciye a rufe. Sau da yawa wanda ya shirya jirgi don sanyi yakan rufe shi a manta, amma wannan a buɗe yake. Na sa hannu ƙarƙashin jirgin na laluba bakin ramin, na zaro 'yan zaruruwan wata ciyawar ruwa mai ganye kamar gashin tsuntsu, wadda ta addabi tafkin nan tun da aka fara ganinta a cikinsa a 1987. Ba ta kai ta toshe hanyar ba, amma na cire.

Sai na wanke ƙwaƙwalwar daga zargi, don hankalin mai jirgi ya kwanta. Dabarar mai sauƙi ce, kuma ita na fi so a duk inda abu biyu suke iri ɗaya, ɗaya lafiya ɗaya ba lafiya. Na musanya wayoyin famfon hagu da na dama a inda suke fitowa daga akwatin rile, wato makunnan da ke sakar wa famfuna wuta idan an danna a gaba. Yaron ya danna hagu, famfon dama ya tashi garau da ƙarfinsa. Ya danna dama, famfon hagu ya tashi da irin nishinsa na ɗazu. Ciwon bai bi makunni ba, ya tsaya a hagu. Ke nan allo da ƙwaƙwalwa da rile da fis duk lafiyarsu ƙalau, matsalar tana tsakanin akwatin nan da jakar.

Na ɗauko mitar auna wuta. Batir yana bolt 12.6, cikakke. A bakin famfon hagu, da na cire shi daga layi na auna wayar ita kaɗai, mita ta nuna kusan haka. Nan ne masu koyo suke cewa wuta lafiya, su wuce. Amma waya ko da silin tagulla ɗaya ya rage a cikinta za ta nuna maka 12 muddin ba a ɗora mata kaya ba. Sai famfo na aiki yana jan wuta ake auna ta. Na mayar da shi, yaron ya danna, mita ta faɗo ƙasa da 10.5, alhali na dama yana riƙe da kusan 12. Na bi wayar da yatsu har na iso wani mahaɗi da aka naɗe da baƙin tef, can ƙasa inda ruwa ke fantsama. Yana da ɗumi. Da na warware tef ɗin sai ga tagullar ta zama kore, tana marmashewa. Wanda ya yi haɗin ya yi amfani da wayar mota ce da mahaɗin mota. Wayar jirgi ta gaske kowane silinta an shafe shi da kuza don kada laima ta ci shi, mahaɗinta kuma yana da rigar roba mai gam a ciki, wadda ke tsukewa idan ta ji zafi ta hana ruwa shiga. Na kashe babban makunnin batir, na bar wurin ya sha iska sosai, na yanke har inda tagulla ke ƙyalli, na yi sabon haɗi, na ɗaure shi sama nesa da ruwa.

Muryar famfon ta daidaita, amma ba na yarda da murya. Na kwance tiyon daga bakin jaka na sa shi a bokiti mai cin lita 20, yaron na riƙe da agogon wayarsa. Irin wannan famfo idan yana da lafiya yakan ba da lita 40 zuwa 50 a minti, don haka bokitin bai kamata ya wuce rabin minti ba. Na dama ya cika shi a daƙiƙa 26. Na hagu ya haura minti guda, ruwan na zuwa yana yankewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na zubar da abin da ke cikin jaka, na rufe bawul, domin famfon na iya zama ƙasa da tsayin ruwan tafki, wanda ya buɗe shi bawul a buɗe kuwa tafkin zai biyo shi cikin jirgi. Na kwance ƙananan sukurorin murfin. Warin ƙonanniyar roba ne ya fara tarbata. Fikafikan farfelar sun ƙandare sun lanƙwashe gefe guda, gefunansu sun yi sheƙi saboda zafi, biyu kuma babu su sam, sai kututturensu.

A nan zan ɗan tsaya, don wurin ne gaggawa ke cutar da kanike. Sa sabuwar farfela aikin 'yan mintuna ne. Amma fikafikan nan biyu ba narkewa suka yi ba, suna wani wuri a cikin tiyo, kuma tun da famfon gaba da baya yake yi, suna iya kasancewa ta wajen jaka ko ta wajen tafki. Idan ka bar su, yau za su kwanta ruwa ya wuce, gobe su gicciye su toshe, mai jirgi ya dawo yana cewa ba ka iya aiki ba. Na kwance tiyon duka biyu na leƙa da tocila. Ɗaya na same shi maƙale a gwiwar robar da ke shiga jaka, ya rufe kusan rabin hanyar. Ɗayan ya ba mu wuya, sai da muka tura ruwa ta baya da ƙarfi ya faɗo daga bakin bawul. Na jera su a kan tsohuwar farfelar, kowanne ya zauna a gurbinsa, babu ɓallin da ya rage. Sa'annan na shafa wa sabuwar ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa don ta shiga da santsi kuma kada juyinta na farko ya zama a bushe. Giris da baƙin mai ba a kusantar da su, suna kumbura wasu nau'o'in roba. Sabon zoben roba a murfi, sukurori a ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba. Bokiti ya cika a daƙiƙa 27.

Saura iskar da ta kumbura jakar. Na cire siririn tiyon sama na hura da baki, kamar ina hura bango. A tsakiyarsa akwai ɗan bawul mai barin iska ta fita ya hana ta komawa, don idan ana zubar da ruwa jaka ta tsotse ta lafe. Shi na fara zargi, na cire shi na gwada, yana aiki. Da na zagaya waje na leƙa ramin gefen jirgin sai na ga busasshen laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, tun jirgin na ajiye a rumfa, ya liƙe ramin tsaf. Da 'yar waya da ruwa muka fasa ginin.

Sai a lokacin labarin ya haɗu a kaina, kuma na zaunar da yaron na warware masa, don na fi son ya riƙe wannan fiye da yadda ake kwance sukuru. Ruɓaɓɓen mahaɗi ya rage wa famfo ƙarfi. Ginin zanzaro ya hana iska fita, famfo mai rauni yana ta faman tura ruwa cikin jakar da iska ta riga ta cika. Agogo ya ƙare ƙirgensa, ruwa kashi ɗaya cikin uku. Da yamma idan an tashi wasa mai jirgi ya danna zubarwa, agogo kuma a saninsa jaka cike take, sai ya ba famfo cikakken lokacinsa. Ruwan ya ƙare a minti uku, famfon ya ci gaba da juyawa a bushe har sauran lokacin ya cika. Akwai famfunan da ke kashe kansu idan suka ji babu ruwa, wannan ba ya cikinsu. Kowace fita haka, har robar ta ƙone ta kakkarye, gutsurenta ya ƙara toshe hanya, ruwan da ke shiga ya ƙara raguwa, lokacin juyawa a bushe ya ƙara tsawo. Da farfelar kaɗai muka canja, kafin watan Agusta da ta sake ƙonewa.

Tankin gaba bai ɗauke mu lokaci ba. Famfon cikawa yana juyawa da siririyar ƙara, alamar iska yake kaɗawa ba ruwa ba. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san injin ban ruwa ba ya ja sai an fara ɗura masa ruwa an kori iskar cikinsa, to wannan ma haka yake. Tiyon da ke fita daga bakinsa ya kamata ya yi ta hawa sama ba tare da ya sauko ba, don duk iskar da ta shiga ta samu hanyar tserewa. A nan maɗaurin da ke riƙe shi ya tsinke, tiyon ya yi ciki ya sauko, ruwa ya kwanta a lanƙwasar ya kulle iska a cikin famfo. Ranar da jirgi ya girgiza iskar ta kuɓuce sai ya cika, ranar da ba ta kuɓuce ba shiru. Na juya bakin famfon ya kalli sama, na ɗaure tiyon a wurare da dama. A can ƙololuwarsa akwai ɗan numfashi mai hana ruwa zuƙo kansa da kansa idan famfo na kashe, na buɗe na wanke shi tun da hannuna na wurin.

Yoyon ne ya fi buƙatar haƙuri, kuma shi ne ya fi damuna, domin igiyar ruwa mara kyau ɓata wasa kawai take yi, ruwa a ƙasan jirgi kuwa maganar rai ce, musamman a jirgin da aka riga aka danne da tan guda. Hanyoyin shigarsa suna da yawa: toshiyar gindi, wurin da sandar farfela ta huda cikin jirgi, wurin sandar matuƙi, tiyon da ke kai wa inji ruwan sanyaya. Na tsane ƙasan jirgin da soso har ya bushe ƙarau, na shimfiɗa takardar goge hannu a ƙarƙashin kowane mahaɗi. Muka zauna, komai a kashe, babu ɗigo. Muka tayar da inji, babu. Muka cika jakar dama, babu. Ta hagu, babu. Da tankin gaba ya kai rabi sai takardar da ke ƙarƙashin famfon zubarwa ta fara jiƙewa. Na goge jikinsa na haska tocila a karkace, sai ga tsaga siririya kamar gashi a gindin robar. Aikin sanyi ne. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ɗan abin da ya kwanta a cikin famfon tun kaka ya ishe shi ya tsage. Wannan kuma ya bayyana abin da ya rikita mai jirgin: yoyon ba ya zuwa sai ranar da tankin gaba ya yi sa'ar cika. Ba na liƙe irin wannan tsaga da gam. Sabon famfo muka sa, irin wanda aka tabbatar ba ya fitar da tartsatsi a inda tururin fetur ke iya taruwa.

Daga nan muka koya wa agogon gaskiya. Muka cika kowace jaka daga fanko, muna ƙirga lokaci har ruwa ya tsarto ta gefe, ya kama minti 9 da 'yan daƙiƙu, daidai da lissafin bokiti idan aka ƙara wahalar hawan tiyo. Muka auna zubarwa har muryar famfo ta canja. Waɗannan lambobi muka shigar, na kuma rubuta su a tef na manna a cikin murfin ma'ajiya, don duk ranar da cikawa ta fara wuce haka a san farfela ta fara gajiya.

Gwajin ƙarshe da mai jirgin muka yi. Na sa ya tuƙa mu can tsakiya inda ruwa ke da zurfi. Wani bincike da Jami'ar Minesota ta fitar a 2022 ya nuna cewa igiyar ruwan waɗannan jirage tana buƙatar tazarar fiye da ƙafa 500, kusan mita 150, kafin ta lafa ta koma daidai da ta sauran jirage a tazarar ƙafa 200. Ni na ga yadda take zaftare bakin gaɓa da yadda take wujijjiga masu ƙananan kwalekwale, don haka ba na gwada jirgi kusa da gidajen mutane ko da doka ta bari. A mil 11 gindin jirgin ya zauna, kumfar hagu ta share, tudun ruwa ya miƙe sumul mai tsawo. Mutumin ya yi ta dariya yana dukan sitiyari. Na nuna masa farantin da ke faɗin iyakar nauyin da jirgin zai ɗauka, na ce ya tuna jakunkunan nan ƙari ne a kan yadda aka ƙera shi, idan ya cika su ya rage mutane.

A hanyar dawowa ne ya ce mako mai zuwa zai ja jirgin zuwa wani tafki a arewacin jihar. Nan na sa shi ya rage gudu don ya ji ni da kyau. Babu famfon da ke zubar da balas ƙarƙaf, kullum akwai ragowar da ke kwanciya a lungun tanki, da naɗin jaka, da cikin tiyo. Tafkin Minetonka kuwa tun 2010 aka tabbatar yana ɗauke da wasu ƙananan makankari, halittun ruwa masu ɓawo mai zanen jakin dawa, waɗanda asalinsu daga yankin Baƙin Teku da tekun Kasfiyan suke. A cikin balas ɗin manyan jiragen dakon kaya suka tsallako, aka fara ganinsu a tafkin Sen Kiliya da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1988, daga nan suka bazu. Suna liƙewa a duwatsu da bututu da cikin jirage, suna tace abincin da ƙananan kifaye ke rayuwa a kai, ɓawonsu na yanke ƙafar masu iyo. 'Ya'yansu ido ba ya gani, suna yawo a cikin ruwa, kuma suna iya rayuwa kwanaki a ragowar da ke cikin jaka. Dokar jihar ta wajabta a zubar da duk ruwan jirgi kafin a bar bakin tafki, a kuma cire toshiyar gindi muddin ana kan hanya. Amma ga jirgi mai balas wannan bai wadatar ba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar tana da wuraren wanke jirage, inda ake ɗura ruwan zafi mai awo 120 a ma'aunin Amurka, kusan 49 a ma'aunin Salshiyos, cikin tankuna da jakunkuna, zafin da ke kashe 'ya'yan ba tare da ya lalata famfo ba. Na ce masa ya je can kafin ya nufi arewa, ya kuma gaya musu jakunkuna biyu ne da tanki ɗaya, kada a tsallake na gaba don ba a ganinsa.

Na ƙara masa da abin da zai yi a watan Oktoba idan zai ajiye jirgin. A fitar da jakunkuna a zazzage su a shanya. A bi kowane famfo da ruwan nan mai hana daskarewa, mai launin ruwan hoda, irin wanda ba shi da guba, har a ga ya fito ta ɗaya bakin. A zare farfelun roba a ajiye su a ɗaki don kada su kwana wata shida a lanƙwashe. A liƙe ramukan gefe da tef saboda zanzaro, a rubuta a sitiyari cewa an liƙe su, don a tuna a ɓare kafin a koma ruwa. Duk kayan da muka saka masa, farfela da ƙaramin famfo da 'yan mahaɗai da maɗaurai, ba su kai ko kusa da kuɗin ƙwaƙwalwar da ya zo nema ba. Ya nemi wurin wankin da ya fi kusa a wayarsa tun muna kan ruwa, ya ga akwai wanda ke buɗewa ranar Asabar da safe, ya ce zai fara biyawa ta can.